Zaɓen gwaji a firamare: 'yata ta tsaya takarar monita, yanzu tana neman kuɗin alawa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo shi nan ko a samu wanda zai haska mini hanya. 'Yata tana aji huɗu a firamare, shekararta tara. Makarantarsu ta shirya abin da suka kira zaɓen gwaji: kowane aji zai zaɓi monita, sannan 'yan aji huɗu zuwa shida za su zaɓi shugaban ɗalibai na maza da na mata. An yanka masu katin zaɓe na kwali, an tanadi akwati, har da tawadar dangwale. Da farko abin ya burge ni ƙwarai, domin yarinyar nan kunya gare ta, ko hannu ba ta iya ɗagawa a aji, sai ga shi ta ce ta tsaya takara.

To jiya muna cin tuwon dare sai ta ce, "Umma, ki ba ni dubu ɗaya in sayo alawa." Na ce alawar me? Ta ce abokiyar takararta ta zo da kwalin biskit ta raba wa 'yan aji, kuma wasu sun gaya mata in ba ta kawo nata ba, ba za su dangwala mata ba. Wallahi sai da tuwon ya fita raina. Ban ba ta kuɗin ba, ta kwanta tana fushi da ni. Zaɓen jibi Alhamis ne. Shin wannan tarbiyya ce ake ba yaranmu, ko kuwa cutar da ta hana mu tashi ce ake ɗura masu tun suna ƙanana? In cire ta daga takarar ne, ko in je makarantar?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Kada ki ba ta ko kwabo, 'yar'uwa. Ni tun farko ban ga dalilin wannan zaɓe ba. Yaron da bai gama haddace jadawalin sau ba, me ya haɗa shi da akwatin zaɓe? A zamaninmu malami ne ke duba wanda ya fi natsuwa ya ce kai ne monita, magana ta ƙare. Ba gaba, ba kuka, ba biskit.

Ummu Hanan:
Maman Ilham, ki yi haƙuri, amma ni ba makarantar nake zargi ba. Ina yarinyar can ta ga ana raba kaya kafin zaɓe? A unguwa ta gani. Ranar zaɓen 2023 a layinmu yara ne suka riƙa ɗaukar wa iyayensu mata taliya da sabulu da atamfa zuwa gida. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abu Huzaifa:
Ni damuwata ta wuce biskit. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci, domin in an ba shi saboda ya nema za a bar shi da shi, in kuwa an ba shi bai nema ba za a taimake shi a kai. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Mu kuma mun ɗauki yaro ɗan shekara takwas mun tsayar da shi gaban aji yana cewa "ku zaɓe ni, na fi wane." Muna koya masa yabon kai da son girma, muna kashe masa kunya, alhali kunya tana daga imani. Wannan shi ne abin da ban yarda da shi ba.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka da alheri, Malam Abu Huzaifa, hadisin ingantacce ne kuma gargaɗin da ke cikinsa babba ne. Sai dai a haɗa shi da sauran nassoshi. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani, aya ta 55 a Suratu Yusuf. Malamai sun fahimci cewa wanda ya san zai iya riƙe amana, kuma ya ga in ya ja baya za ta faɗa hannun da bai dace ba, babu laifi ya gabatar da kansa. Akwai kuma hadisin Abu Dawud da ya ce idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Su ne za su shugabantar, ba wani ne zai naɗa masu daga waje ba.

Ni a ajina na kan ce wa yara kada wanda ya tsayar da kansa. Wani ne zai miƙe ya ce "na gabatar da wane, domin ba ya makara kuma yana taimaka wa ƙanana da karatu." Sai a tambayi wanda aka gabatar ko ya amince. Ka ga an kauce wa yabon kai, kuma yara sun koyi lura da halin kirki a jikin waninsu.

Abu Huzaifa:
Wannan tsarin naka ya fi kusa da abin da zuciyata za ta ɗauka. Amma fosta da kamfen da "sai wane", a'a.

Tsohon Hedimasta:
Jama'a ku ba ni dama in yi dogon bayani, domin na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a firamare, goma sha biyu daga ciki ina hedimasta, kuma akwai abin da na aikata da har yau yake damuna.

Baban Sadik ya ce a da malami ke naɗa monita ba gaba. Ɗana, akwai gaba, ba a dai faɗa ne. Wa muke naɗawa? Ɗan malami, ɗan mai unguwa, yaron da ya fi kowa tsabtar yunifom saboda gidansu akwai sabulu, ko ƙaton da zai iya riƙe bulala. Yaran sun sani sarai. Abin da suka koya daga wannan shi ne shugabanci daga sama yake saukowa, kuma hanyar samunsa ita ce kusanci da mai iko. Ɗauki-ɗora da muke kuka da shi a jam'iyyu, mun daɗe muna koyar da shi a aji ba tare da mun rubuta shi a allo ba.

Wata shekara na ce bari mu gwada zaɓe. Muka yi na shugaban ɗalibai, 'yan aji biyar da shida suka kaɗa ƙuri'a a kwalin sukari. Mu malamai muna da yaron da muke so, mai ƙoƙari, shi ke zuwa na ɗaya. Da aka ƙirga a ofishina, sai wani yaro ya ci, ɗan mai gyaran keke, matsakaici a karatu, mai yawan surutu. Ya ba namu rata mai yawa. Malamai suka taso mini, wai wannan zai zubar wa makaranta mutunci in baƙi sun zo. Na biye masu. Washegari a wurin taron safe na sanar da namu a matsayin wanda ya ci.

Ba wanda ya yi magana. Amma yara sun riga sun tambayi junansu, kowa ya san wanda ya zaɓa. Na ga fuskokinsu. Bayan kwana biyu wata yarinya 'yar aji shida ta tare ni a bakin ofis ta ce, "Malam, to me ya sa aka ce mu zaɓa?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Daga baya na gano dalilin da ya sa suka zaɓi ɗan mai gyaran keken: shi ke raba faɗa a filin wasa, shi ke raka ƙananan yara su tsallaka titi in an tashi. Abin da mu ba mu gani daga ofis, su suna gani kullum.

Shekarar da ta biyo baya ban yarda an ƙirga ƙuri'a a ofis ba. A fili aka zazzage akwati, kowane ɗan takara ya tsayar da wakilinsa, ana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya yara suna ƙirgawa da baki. Haka na ci gaba har na yi ritaya. Don haka shawarata ga duk makarantar da za ta yi wannan abu: in kun san ba za ku iya haƙura da wanda yara suka zaɓa ba, kada ku fara. Naɗin kai tsaye ya fi zaɓen da za a murɗe sau dubu.

Ummu Hanan:
Allahu akbar. Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba kowa ne zai iya faɗin wannan a bainar jama'a ba.

Baban Sadik:
Ranka ya daɗe, na ji kuma na girmama maganarka. Amma ka lura 'yan aji biyar da shida ka ce. Waɗannan sun kai sha ɗaya, sha biyu. Ni ƙorafina a kan ƙanana ne. Na ga makarantar da ta sa 'yan nazare dangwala yatsa. Wannan ai hoto kawai ake nema a sa a Facebook don jawo iyaye.

Malamar Aji Biyu:
Baban Sadik, a nan ina tare da kai rabi. Ƙananan yara ba sa raba "ba a zaɓe ni ba" da "ba a so na." Yarinya 'yar shekara shida in ta sami ƙuri'a biyu a aji, abin da za ta kai gida shi ne ajinsu duka sun tsane ta. Shi ya sa ni ba na sa su zaɓi mutum. Abu suke zaɓa. Ranar Juma'a wace tatsuniya za mu yi, ta Gizo da Ƙoƙi ko ta Kura da Damo? Wane wasa za mu yi in an fita tara? Kowa ya jefa dutsensa a gwangwanin da yake so, mu zazzage mu ƙirga tare. Darasin lissafi ma ya samu. Wanda nasa bai ci ba ya ɓata rai na minti biyar, sai ya ga ashe tatsuniyar da wasu suka zaɓa ma da daɗi, kuma mako mai zuwa akwai wani zaɓen.

Kuma kada a ɗauka sai makarantar kuɗi. Ni a ta gwamnati nake, ajina yara sun haura ɗari, rabinsu a ƙasa suke zaune. Gwangwanin madara uku da tsakuwa ne kayan zaɓenmu.

Baffan Yara:
Malama, abin da kike yi da tsakuwa ai shi ne tsarin ƙasar Gambiya sukutum. Tun shekarun 1960 ba takarda suke dangwalawa ba. Kowane ɗan takara yana da durom ɗinsa mai launin jam'iyyarsa da hotonsa, mai zaɓe ya shiga shi kaɗai ya jefa ɗan dutsen gilashi guda, ƙararrawa ta yi ƙara a ciki don malaman zaɓe su ji sau ɗaya ya jefa. Da wannan duwatsun aka kayar da Yahya Jammeh a Disambar 2016 bayan shekara 22 yana mulki.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar akwai lakwal, wato makarantun boko, da yawa da ke da abin da ake kira gwamnatin 'yan makaranta. Yara na zaɓen shugaba, shi kuma a kafa masa ministoci: na tsabta, na lafiya, na wasanni, na sasanta rigima, wani wurin har da mai kula da itatuwan da aka dasa. Ɗiyata ta riƙe ministar lafiya tana CM1, wato aji biyar na firamare. Aikinta ta duba randar ruwa da wurin wanke hannu, in yaro bai zo lakwal kwana biyu ba ta gaya wa mushe, wato malami, a bincika ko ba shi da lafiya. Abin da na lura shi ne, inda kujera ke da aiki na gaske, yara ba sa zaɓen mai biskit sau biyu. In randa ta bushe kowa ya san wa zai tambaya.

Sannan masu cewa wannan baƙon abu ne na Nasara, su tuna da wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon shugaban ƙasa da ministoci da sojoji da kayan kara. Ku ma can kuna da wasan gauta da ake kwaikwayon sarki da fadawansa, ga sarautar Sarkin Samari. Bahaushe ya daɗe yana koya wa na baya mulki ta hanyar wasa. Akwati da tawada ne kawai sabo.

Tsohon Hedimasta:
Ɗan Maraɗi ya taɓo jijiyar. A yawancin makarantunmu aikin monita ɗaya ne: rubuta sunayen masu surutu a kai wa malami a zane su. To wa zai zaɓi mai rubuta sunansa don cancanta? Dole yaro ya zaɓi abokinsa da zai rufa masa asiri, ko wanda ya ba shi biskit. A sauya aikin tukuna. Monita ya zama mai kula da alli da tsintsiya, mai kai kukan aji wurin malami, mai tabbatar da kowa ya sami wurin zama.

Baban Ikram:
Ina bin muhawarar nan daga Kanada, bari in faɗi yadda na ga ana yi a nan, ba don in ce nasu ya fi ba. Akwai shiri mai suna Student Vote da wata ƙungiya, CIVIX, ke gudanarwa tare da hukumar zaɓen ƙasar. An fara shi a lardin Ontario a 2003. Yara tun daga aji huɗu suke shiga, kuma ba monita suke zaɓa ba, ainihin 'yan takarar mazaɓarsu suke kaɗa wa ƙuri'a, a kan takarda irin ta manya. Kafin ranar sai sun yi makonni suna nazarin abin da kowace jam'iyya ta yi alkawari. Yaran ne malaman zaɓe, su ke duba suna a rajista, su ke ƙirgawa. Ba a fitar da sakamakonsu sai an rufe rumfunan manya. A zaɓen tarayya na 2019 ɗalibai sama da miliyan ɗaya suka shiga.

Ɗana yana aji biyar ya dawo gida ya titsiye ni da tambaya a kan kuɗin haya da harajin da jam'iyyu ke magana a kai, har sai da na zauna na karanta don in iya ba shi amsa. A Amurka ma akwai irinsa, Kids Voting, da aka fara a jihar Arizona a 1988 bayan wasu 'yan kasuwa uku sun je Kosta Rika sun ga yadda iyaye ke zuwa rumfar zaɓe da 'ya'yansu. Manufar tun asali har da iyayen: yaro ya ja babansa zuwa rumfa.

Baffan Yara:
Baban Ikram, Allah ya kiyaye mu da kwafo wannan ɓangaren. Ka sa yaran firamare a Kano ko Kaduna su zaɓi ainihin jam'iyyu, kafin la'asar iyaye sun cika makarantar. A ce makarantar wane ta 'yan jam'iyya kaza ce, malami ya rasa aikinsa, wataƙila 'yan jagaliya su ziyarci mai makarantar. Kuma kada mu manta da hotunan bidiyon da suka yaɗu lokacin zaɓen ƙananan hukumomin Kano a Fabrairun 2018, na yara ƙanana riƙe da takardun zaɓe, har INEC ta kafa kwamitin bincike duk da hukumar zaɓen jiha ce ta shirya zaɓen. Tun daga nan ake mana gorin zaɓen yara a duk faɗin ƙasar nan. Ni tsorona kada yaro ya saba da tawada a yatsa ya ɗauka ko ranar zaɓen gaske ma zai iya shiga layi.

Baban Ikram:
Na yarda, ainihin jam'iyyu ba za su yiwu a gida ba yanzu. Amma tsoronka na biyu ina ganin akasinsa ne zai faru. Yaron da aka koya wa cewa zaɓen ƙasa sai ɗan shekara 18 mai rajista, kuma ya ga an hana ɗan aji uku zaɓen 'yan aji shida saboda babu sunansa a rajista, shi ne zai san laifi ne in wani ya miƙa masa takarda ranar zaɓe. Wanda bai san ƙa'ida ba shi ake ja.

Tsohuwar Mai Bautar Ƙasa:
Ni na yi aikin zaɓe a 2019 lokacin ina bautar ƙasa, ni ce shugabar rumfa a wani ƙauye. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙuri'un da suka lalace. Dattijo ya taho tun asuba, ya sha rana a layi, ya dangwala a kan layin da ya raba jam'iyyu biyu, ko ya naɗe takardar tawada ba ta bushe ba ta shafi wani gidan. Mata da yawa sun dangwala wa biyu, wai kada ɗayan ya ji haushi. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, ƙuri'u kusan miliyan 1.3 aka soke a faɗin ƙasa. A 2023 sun haura dubu 900, kuma cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Duk wannan ba a koya wa kowa shi a ko'ina. Ana koyar da darasin zama ɗan ƙasa a makarantu, amma haddar ma'anar dimokuraɗiyya ce don a ci jarrabawa. Yaron da ya taɓa riƙe takardar zaɓe sau shida kafin ya gama firamare ba zai lalata tasa ba in ya girma, kuma shi zai nuna wa kakarsa yadda ake yi.

Hajiya Inna:
'Ya'yana, ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Maman Ilham, ki ji ni da kyau: kada ki cire yarinyar nan. Lokacin da nake shekarunta, mace a Arewa ba ta da ƙuri'a ko kaɗan, alhali matan Kudu suna zaɓe tun kafin 'yancin kai. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri har sau goma sha shida, ta sha duka, a kan mace ta sami bakin magana. Sai a 1976 aka bar mu muka yi zaɓen ƙananan hukumomi, sannan na ƙasa a 1979. Na tuna ranar da na fara shiga layi, da goyo a bayana, hannuna na rawa. Yau jikanyar wata ta miƙe gaban aji, maza da mata, ta ce tana so ta yi shugabanci, kuma ke da bakinki kin ce mai kunya ce. Ki bar ta ta tsaya ko da ƙuri'a ɗaya za ta samu. Kuɗin alawa dai kada ki bayar.

Abu Huzaifa:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa a kiyaye tarbiyyar kunya, musamman ga 'ya'ya mata.

Hajiya Inna:
Ɗana, kunya ba ta hana faɗin gaskiya. Mu da muka shiga layi da lulluɓinmu muka shiga.

Ɗan Zangon Kumasi:
A nan Gana makarantu da dama jami'an hukumar zaɓe suke gayyata su zo da akwatunansu na gaske su kula da zaɓen shugabannin ɗalibai. Akwai ranar da 'yan takara ke karanta manufofinsu gaban kowa, malamai kuma su tantance su tun kafin a buga takarda. Wannan tantancewar ita ce maganin matsalar da Baba Hedimasta ya faɗa: in malamai na da ja a kan yaro, su faɗa kafin zaɓe, da dalili. Bayan an ƙirga kuma bakin alƙalami ya bushe. Rabon alawa kuwa muna fama da shi mu ma, har iyaye ke buga wa yara fosta mai launi a wurin masu ɗab'i.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, jama'a. Na karanta duka, wasu sau biyu. Yau da safe na je makarantar na sami malamar ajinsu. Ashe ba ta san da zancen biskit ɗin ba, a lokacin tara aka raba. Ta kira yarinyar a gabana cikin lallashi, yarinyar ta ce babanta ne ya sayo mata, ya ce haka ake yi. Ba ta ma san laifi ba ne, da murnarta take faɗa. Sai na ji tausayinta ya kama ni.

Na zaci malamar za ta cire ta daga takara. Ba ta yi haka ba. Ta ce tunda ba a kafa dokar tun farko ba, laifin nata ne ita malamar, ba za ta hukunta yarinya a kan dokar da ba a gaya mata ba. Ta tara ajin ta tambaye su: in wani ya ba ka biskit ka zaɓe shi, ranar da ya zalunce ka za ka iya kai ƙararsa? Ta ce wani yaro ya amsa, "Zai ce ai na biya ka." Daga nan suka rubuta dokoki a allo da bakinsu: ba rabon kaya, ba zagi, ba wanda zai leƙa abin da wani ya dangwala, kuma a gaban kowa za a ƙirga.

Baban Sadik:
Ni a ganina an yi sassauci. An riga an ci biskit, ya riga ya yi aikinsa. Adalci shi ne a cire ta, ko a ɗage zaɓen.

Malamar Aji Biyu:
In an cire ta, uban ne ya yi laifi 'yar ta sha kunya gaban aji har ƙarshen shekara. Ni da na goyi bayan a kira uban a yi masa magana a keɓe. Kuma asirin ƙuri'a shi ne ke karya ƙarfin biskit: ka ci, ka shiga bayan labule, ba wanda ya san abin da ka yi. Da 'yar tinƙe za a yi, a ce kowa ya tsaya bayan gwaninsa, da ba yaron da zai iya kallon idon wadda ta ba shi ya tsaya a wani layin.

Tsohon Hedimasta:
Malamar nan ta fi ni hikima lokacin da nake shekarunta. Maman Ilham, saura abu ɗaya: ki shirya 'yarki don faɗuwa tun daren yau. Ki gaya mata in ba ta ci ba, ita za ta fara zuwa ta miƙa wa wadda ta ci hannu. Ki ba ta labarin yadda Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari a waya ranar 31 ga Maris 2015 ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Waɗanda suka ga abin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a Kaduna da wasu garuruwan Arewa sun san rayuka nawa wannan kiran ya tsare.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. An yi zaɓe yau. Su 38 ne a ajin, biyu ba su zo ba. Mai biskit ta sami 17, Ilham 14, wani yaro 4, ƙuri'a ɗaya ta lalace saboda an dangwala wa duka ukun. An zazzage a kan teburin malama, wakilan 'yan takara na tsaye, aji na ƙirgawa da ƙarfi.

Ta dawo da shuɗin tawada a babban yatsa, ido ya yi ja. Ta ce ta je ta gaisa da yarinyar kamar yadda muka yi da ita, sai da ta shiga banɗaki sannan ta yi kukanta. Na rungume ta. Can da yamma tana wanke yunifom sai ta ce mini, "Umma, mutum goma sha uku ne suka zaɓe ni ban ba su komai ba." Na ce ba sha huɗu ba? Ta ce ɗayar tata ce. Malamar ta ce wa'adin zango ɗaya ne, za a sake zaɓe bayan hutu, kuma a ƙarshen kowane wata monita za ta tsaya gaban aji a tambaye ta abin da ta yi. Ilham ta ce tana da tambayar da za ta yi a kan tsintsiyar aji da ta ɓace tun makon jiya.

Baban Sadik:
Sha bakwai da sha huɗu. Ku cire biskit ɗin nan ku gani ko sakamakon zai tsaya haka. Ni har yanzu ban gamsu ba.

Hajiya Inna:
A gaishe mini da ita, a ce kakarta ta ce Allah ya yi mata albarka.

Malamar Aji Biyu:
Maman Ilham, don Allah ki roƙar mini malamar ta ɗauko hoton dokokin da suka rubuta a allo da samfurin takardar zaɓen ki turo nan. Malamin aji biyar na makarantarmu yana so ya gwada zango mai zuwa, yara 112 gare shi, muna tunanin yadda za a raba su rumfa uku a ƙarƙashin bishiyar darbejiya.